Ka Sa Manyan Tayoyi, Maleji Ya Daina Faɗin Gaskiya: Yadda Ake Gano Matsalar

Duk mai shiga da mota cikin lungunan Unguwar Sanusi a Kaduna da damina ya san dalilin da ya sa mutane ke ƙara wa motocinsu taya. Ka baro titin Nnamdi Azikiwe, wanda kowa ke kira Baifas, ka karya kwana zuwa cikin unguwa, ga ruwa ya ci gefen hanya, ga tudun da 'yan layi suka tara don a rage gudu, sai ka ji ƙasan mota ya gogi ƙasa da ƙarar da ke sa gaban mai ita ya faɗi. Motocin da ake shigo mana da su daga Turai da Amurka don shimfiɗaɗɗiyar kwalta aka ƙera su, shi ya sa suke a durƙushe. Idan abin ya ishi mutum sai ya nufi masu taya, su kuma amsarsu a shirye take: "Alhaji, a ɗaga ta mana. A sa mata saba'in maimakon sittin da biyar, ka huta."

Shawarar ba ta banza ba ce, mota takan ɗan ɗagu. Bayan kwana biyu ne mai ita zai fara lura da wasu abubuwa. Allurar maleji tana kan 100 a hanyar Zariya, amma yana ta wuce motocin da a da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ya lissafa mai, ya ga kamar motar ta ƙara sha. Wani kuma fitilar ABS ce za ta kama, ko allurar ta riƙa rawa, ko ta kwanta gaba ɗaya. Daga nan sai a wuce wajen mai wayarin a ce maleji ya lalace, shi kuma ya ɗauko sukundireba ya nufi dashbod. Kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, ya kamata a tsaya a raba matsalar gida biyu, domin wadda ta fi yawa a cikinsu ba lalacewa ba ce, lissafi ne kawai ya sauya.

Maleji bai san hanya ba, bai kuma san nisan Kawo da Mando ba. Abu ɗaya yake ƙirgawa: sau nawa ƙafar mota ta juya. A kamfani aka gaya masa cewa kowane juyi ɗaya daidai yake da tafiyar kaza, bisa girman tayar da motar ta fito da ita, kuma da wannan yake aiki har ranar da za a kai motar Panteka a yanka. Kamar mai awon hatsi ne da ke ƙirga mudu yana zubawa a buhu, sai aka musanya masa mudun da wanda ya fi girma bai sani ba. Buhu zai cika, shi kuwa lissafinsa bai kai ba. Babbar taya tana cin hanya mai yawa a juyi ɗaya, saboda haka tana juyawa kaɗan a kowace kilomita, maleji ya ƙirga kaɗan, ya nuna maka gudun da bai kai wanda kake yi ba. Ƙaramar taya kuma akasin haka take jawowa.

Fara da lambobin jikin taya

A gefen kowace taya akwai rubutu irin wannan: 195/65R15. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita. Ta ƙarshe girman wili ne da inci. Ta tsakiya ce ke ruɗa mutane, domin ba tsayi ba ce kai tsaye, kashi ne cikin 100 na faɗin: tsayin robar daga bakin wili zuwa ƙasa kashi 65 ne na 195, wato milimita 126.75. Wannan yana nufin ko ba ka taɓa lambar tsakiya ba, da zarar ka ƙara faɗi ka ƙara tsayi. Mutane da yawa sukan sa 205/65 a madadin 195/65 suna cewa ai duk sittin da biyar ne, alhali sabuwar ta fi tsohuwar tsayi da milimita 13.

Don samun tsayin taya gaba ɗaya, sai ka ninka tsayin robar sau biyu, tunda akwai ta a sama akwai ta a ƙasa, ka ƙara girman wili bayan ka mayar da shi milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka wili 15 milimita 381 ne. Ga 195/65R15 ke nan: 253.5 a tara da 381, ya ba da 634.5. Yanzu ɗauki wadda masu taya suka fi ba da shawara, 205/70R15. Kashi 70 na 205 shi ne 143.5, sau biyu 287, a tara da 381, ya zama 668. Raba sabuwa da tsohuwa, 668 a raba da 634.5, za ka samu 1.053. Wannan lambar ita ce mabuɗin komai. Duk abin da allura ta nuna, ninka shi da ita. Allura na kan 60, kana kan 63. Tana kan 80, kana kan 84. Tana kan 100, kana kan 105. Tana kan 120, ka haura 126. Idan kuma 215/70R15 aka sa, tsayinta 682 ne, kuskuren ya kai kashi 7 da rabi, mai ganin 120 a gabansa yana tafiyar 129.

Haka abin yake a sauran motoci. Golf ɗin da ke da 185/60R14, irin waɗanda ke jigilar fasinja tsakanin garuruwa, idan aka mayar da ita 185/70R14 an ƙara kashi 6 da ɗoriya. Corolla mai 205/55R16 da aka sa wa 205/65R16 ta ƙaru da kashi 6 da rabi. Hilux mai 265/65R17 da aka yi wa kwalliya da 285/70R17 ta ƙaru da kashi 7.

Akwai abin da masu taya ba su cika faɗa ba, kuma a ganina ya kamata mai mota ya ji shi kafin ya biya kuɗi. Mota ba ta ɗaguwa da dukan tsayin da aka ƙara, da rabinsa take ɗaguwa, domin rabin da ke saman aksul cikin madigadi yake shigewa. Daga 634.5 zuwa 668 bambancin milimita 33.5 ne, abin da ƙasan motarka ya samu bai kai santimita 2 ba. Wani lokaci wannan ɗan abin ya isa ya raba ka da gogar tudu. Amma sau da yawa motar da ke gogar ƙasa sifirin ɗinta ne ya gaji ko shokazoba ya mutu, ta zauna ƙasa da yadda aka yi ta, kuma taya ba za ta gyara wannan ba.

Sannan girman wili shi kaɗai ba ya nuna komai. 195/65R15 da 205/55R16 da 225/45R17 duk tsayinsu kusan ɗaya ne, tsakanin 632 da 635. Wanda ya sayi wili 17 da siririyar taya bai ɗaga motarsa ba, bai kuma taɓa malejinsa ba. Abin da ya yi shi ne rage robar da za ta kare masa wili ranar da ya faɗa rami.

Wajen yin wannan lissafi, kada ka ɗauki tayar da ka cire a matsayin ta asali. Motar da ta biyo ta Kwatano, ko ta wuce hannu biyu ko uku a nan gida, mai yiwuwa an riga an sauya mata tun kafin ta zo hannunka. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda a manne da ke ɗauke da girman taya na kamfani da yawan iskar da ake so. A wasu motocin Turai tana cikin murfin tankin mai. Wannan lambar ce maleji ya sani.

Gwaji a kan hanya

Lissafi yana gaya maka abin da taya ta ƙara, amma ba ya gaya maka inda maleji yake tun farko. Mafi yawan motoci suna fitowa daga kamfani da malejin da ke ɗan ƙara gudu. Da gangan ake yin haka: ƙa'idar da ƙasashen Turai ke bi ta hana maleji nuna ƙasa da gudun gaskiya ko da kaɗan ne, amma ta yarda ya zarce da abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4 ba. Saboda haka kamfanoni sukan bar 'yar rata. Motar da ke nuna 100 da tayarta ta asali, sau da yawa 95 zuwa 97 take yi. Idan ƙarin da ka yi kashi 2 ko 3 ne, ratar ce ka cinye, har ma kana iya tarar da malejin ya fi da daidaito. Haɗarin yana ga direban da ya saba cewa a ransa ai 110 ɗin nan ba ta kai ba, ya ci gaba da taka totur a kan wannan tsohon zato bayan ratar ta tafi.

Hanya mafi sauƙi ta sanin gaskiya ita ce wayar hannu. Manhajar da ke auna gudu da GPS ba ruwanta da taya, da tauraron ɗan'adam take aiki, kuma Google Maps ma yana nuna gudu a wayoyin Android idan ana bin hanya da shi. Ɗauki mutum ɗaya ya riƙe wayar ya kuma riƙa rubutawa, kai ka sa ido a hanya. Baifas ba wurin wannan gwaji ba ne. Tireloli da tankoki da masu Keke da masu tsallaka titi ba za su bar ka ka riƙe gudu ɗaya ba. A nemi miƙaƙƙen wuri marar hawa da gangara a wajen gari, kamar hanyar Zariya bayan an wuce Maraban Jos, da safe kafin hanya ta cika. Riƙe allura cak a kan 40 na daƙiƙa goma sha biyar ko ashirin, domin GPS yana ɗan jinkiri kafin ya kamo, abokin tafiyarka ya rubuta abin da waya ta nuna. A sake a kan 60, da 80, da 100. Kafin a fita a tabbatar iskar tayoyin daidai take da geji, ba da bugun ƙafa ba.

A lura da motocin Amurka. Camry da Accord da Sienna da Highlander da aka shigo da su daga can, manyan lambobin fuskar malejinsu mil ne, kilomita kuwa su ne ƙananan da ke ciki. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, mai kan 60 yana gab da 97, mai kan 80 ya kusa 129. An sha kai mota wajen gyara a kan cewa waya na nuna 100 allura na nuna 62, alhali babu abin da ya sami malejin. Lambar nisan tafiya ma a irin waɗannan motoci da mil take ƙirgawa.

Wanda ba shi da waya mai GPS yana iya yin awo a ƙofar gida. A samu shimfiɗaɗɗen fili mai tauri, a ja layi da alli a gefen taya inda ta taɓa ƙasa, a ci gaba da layin a kan ƙasa. A saki birkin hannu a tura motar a hankali, ana ƙirga dawowar allin, har sau goma cif, sannan a sake jan layi a ƙasa a auna tsakanin layukan biyu da tef ɗin magina. Taya 195/65R15 za ta ba da abin da bai kai mita 20 ba da kaɗan, domin nauyin mota yana danne roba. In har tsofaffin tayoyin suna nan, kuma girmansu na asali ne, a yi musu wannan awo, a raba sabon da tsohon. Wannan ya fi lissafin takarda kusa da gaskiya, musamman ga tayar Beljiyam, wato ta hannu. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, tayoyin kasuwarmu daga waje suke zuwa, sababbi da na hannu, kuma biyu masu lamba ɗaya ba dole tsayinsu ya zo ɗaya ba. Zanen sabuwar taya yana da zurfin kusan milimita 8, wadda ta suɗe kuwa saura ƙasa da 2, wannan kaɗai ya kai bambancin kashi 2.

Yanzu dubi abin da aka rubuta, domin tsarin kuskuren shi ne zai nuna maka mai laifi. Idan ratar tana girma tare da gudu, 2 a kan 40, 3 a kan 60, 5 a kan 100, to taya ce, babu abin da ya lalace, kada ka bari a buɗe dashbod. Idan ratar ɗaya ce a ko'ina, 10 a kan 40 kuma 10 a kan 100, allurar ce ta goce daga mazauninta, galibi saboda wani ya taɓa cire ta. Duba ka gani ko tana komawa kan sifiri idan mota ta tsaya. Idan kuwa allurar tana tsalle, ko tana aiki tana ɗaukewa, ko ta mutu, wannan ba aikin girman taya ba ne. Babbar taya tana sa maleji ya rage lissafi, amma ba ta kashe shi. Wani abu ne aka taɓa wajen aikin, ko sabuwar tayar ta taɓa shi daga baya.

A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 da 505 da aka harhaɗa a Kakuri, inda kamfanin PAN ya fara aiki a 1975, kebur ne ke tashi daga giyabos ya shigo bayan maleji. A cikin giyabos akwai ɗan giya na roba da ke juya shi, a can sama kuma yana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofin alminiyom, kofin ya ja allura. Dabarar tsohuwa ce, tun 1902 wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ya yi mata rajista. Idan allurar irin wannan mota tana rawa, ko kana jin ƙyas-ƙyas a bayan dashbod, kebur ɗin ne ya bushe ko ya lanƙwashe. A zare cikinsa a wanke a shafa masa giris kaɗan. Idan ta mutu, a kwance shi daga wajen giyabos a murza bakinsa da yatsu da sauri wani yana kallon allura. Ta motsa, kebur da maleji lafiyarsu ƙalau, haƙoran ɗan giyan ne suka cinye. Ba ta motsa ba, kebur ya tsinke a ciki.

Motocin da suka biyo baya sensa ce a jikin giyabos take aika saƙo ta waya. Na baya-bayan nan kuma da yawa daga sensar ABS da ke kowace ƙafa suke ɗaukar gudu. A nan ne aikin taya ya fi yin ɓarna, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa ana dubawa. Kowace ƙafa tana da siririyar baƙar waya da ta fito daga bayan faifan birki, ta bi jikin shokazoba a maƙale da 'yan ƙugiyoyi, ta shige cikin madigadi. Kamfani ya bar mata hanya daidai da tayar asali. Ka sa mai faɗi da tsayi, sai gefenta na ciki ya riƙa shafar wayar duk lokacin da aka karya sitiyari har ƙarshe, ko mota ta faɗa rami da lodi. Ranar farko babu komai. Bayan mako ɗaya ko biyu robar wayar ta suɗe, fitilar ABS ta fara kamawa tana ɗaukewa.

Ga yadda ake kama shi. Juya sitiyari har ƙarshe zuwa hagu, ka tsuguna da tocila ka leƙa bayan tayar, sannan ka juya dama ka sake. Abin da kake nema shi ne wurin da ya yi sheƙi: baƙar robar madigadi da ta goge ta yi santsi, ko jikin shokazoba da ƙura ta share a wuri ɗaya, ko zobe mai tsabta a gefen tayar na ciki alhali sauran duk jar ƙasa ce. Bi wayar da yatsa daga sama har ƙasa. Inda ka ji ta yi faɗi ko ta yi kaushi, ko ka ga jan ƙarfe ya leƙo, ka samu. Duba kuma ko ƙugiyoyin suna nan, domin yaran gareji sukan ɓalle su wajen aiki su bar waya tana lilo. A gyara wayar da dalma a rufe ta da kyau, a ɗaure ta nesa da taya, amma a bar mata sakin da za ta bi sitiyari ba tare da ta ɗame ba.

Idan wayar lafiya take, a kwance sensar, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ita. Bakinta yakan tara garin ƙarfe da laka, a goge da tsumma. Daga nan sai ka tambayi kanka me kuma aka yi wa motar a ranar da aka sa tayoyin, domin mutane sukan haɗa aiki. Idan an sauya boris, wasu boris ɗin suna da zoben maganaɗisu a fuska ɗaya kawai, kuma dole wannan fuskar ta kalli sensa. A juya shi baibai, sensa ta makance. Kafin a buga shi ana gane fuskar da ɗan siririn ƙarfe kamar allurar ɗinki, za ta manne a gefen da ke da maganaɗisun. Idan kan shaf aka sauya, a ƙirga haƙoran zoben da ke jikinsa a gwada da na tsohon. Kan shaf mai haƙora 44 yana iya shiga daidai a inda mai 48 ya fita, ya ɗauru lafiya, amma ƙafar nan za ta riƙa ba da labarin da ya saɓa wa na sauran ukun.

Duk wannan laluben yana raguwa idan aka sa wa motar kwamfuta. Motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0500 tana nufin saƙon gudu ba ya zuwa daidai. Amma kada ka tsaya a kan lamba. Ka ce wa mai na'urar, "Malam, buɗe mana inda take nuna gudun ƙafafu huɗun, mu ɗan zaga." Kuna tafiya a miƙe, huɗun su zo ɗaya. Wadda ta faɗi sifiri ko take tsalle, can matsalar take. Idan biyun gaba sun bambanta da biyun baya da 'yar rata da ba ta sauyawa, tayoyin ne ba girmansu ɗaya ba. Wanda ya goge maka lamba kawai ya ce an gama, fitilar za ta dawo kafin ka kai gida.

Bambancin girman tayoyin gaba da na baya yana faruwa da yawa, saboda tsadar taya ta sa mutum yakan sayi manya biyu ya bar ƙanana biyu sai wata ya yi. A mota mai jan ƙafa biyu abin da zai biyo baya fitilu ne da birkin ABS da ke shiga inda bai kamata ba. A mai jan ƙafa huɗu, kamar wasu RAV4 da CR-V da Highlander, ɓarnar ta fi haka, domin na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya za ta ɗauka ƙafafu suna sulɓi, ta yi ta aiki tana zafi har ta lalace. A irin wannan mota a sauya huɗun tare ko a haƙura. A tuna da safaya ma, ita ce ake mantawa a but da tsohon girmanta.

Gyara, ko zama da shi

Idan ta tabbata taya ce kawai, ra'ayina shi ne ƙarin da bai wuce kashi 3 ba a bar shi. Wanda ya kai 4 zuwa 6, mafi arhar magani shi ne 'yar takarda da salatif a gefen maleji: 80 = 84, 100 = 105. Duk wanda ya karɓi motar, ɗa ko direba ko uwargida, ya gani. Dokar hanya ta ba motar gida 100 a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari, kuma jami'an kiyaye haɗurra ba su da ruwa da tayar da ka sa. Birki ma haka. Nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana ƙaruwa fiye da ƙarin gudun: kashi 5 a gudu yana zama kusan kashi 10 a nisan birki, kashi 7 da rabi ya haura 15. Abin da ya wuce kashi 6 kuwa, gara a koma baya ko a yi gyara na gaske, domin a nan mota takan yi nauyin tashi, giya mai sauya kansa ya riƙa kai-kawo a kan hawa, birki ya ƙara wahala.

Gyara na gaske ya danganta da irin motar. A mai kebur, ɗan giyan roban ake sauyawa da mai ƙarancin haƙora don ya ƙara saurin juyi. Ninka haƙoran tsohon da tsayin tsohuwar taya, ka raba da tsayin sabuwa: mai haƙora 20, daga 634.5 zuwa 668, yana buƙatar mai 19. A je Panteka da tsohon a hannu, domin ba yawan haƙora kaɗai ake dubawa ba, har da tsayi da kaurinsa. A wasu motocin Amurka, irin su manyan Ford da Jeep, ana iya shigar da sabon girman taya cikin ƙwaƙwalwar motar da na'urar da ta dace. Toyota da Honda da yawa ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba, sai dai a sa wata 'yar na'ura a tsakanin sensa da maleji wadda ke ƙara yawan saƙon da kashin da aka saita mata. Tana aiki a motar da sensarta ke giyabos. A wadda ke ɗauka daga ABS kuwa, ban ba da shawarar a yanka wayar da birki ke dogaro da ita don gyaran allura ba.

Abin da za a guje wa shi ne gyaran gangar Auzinawa da wasu masu wayarin ke yi: a cire gilashi, a zare allura, a mayar da ita gaba kaɗan. Za ta yi daidai a gudu ɗaya tak, ta yi ƙarya a duk sauran, ta kuma daina kwanciya a sifiri. Lambar nisan tafiya kuma tana nan da kuskurenta, tunda ba allura ke juya ta ba.

Wannan lambar ce ma ta fi shafar masu motocin haya. Da ƙarin kashi 5, idan maleji ya ce an yi kilomita 5,000 an yi 5,250, saboda haka mai juyen baƙin mai a kan 5,000 ya riƙa yi idan lamba ta kai 4,750. Wajen lissafin fetur ma a ninka kilomitar da maleji ya nuna da lambar nan ta 1.053 kafin a raba da lita. In ba haka ba maigida zai ga mai ya ƙaru tafiya ta ragu, ya fara zargin direba da abin da bai yi ba, ko da yake babbar taya tana ƙara shan mai kaɗan a cikin gari saboda nauyinta. Sai na'urar taƙaita gudu, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya a watan Oktoban 2016. Irin da ke ɗaukar saƙo daga sensar motar tana gadon kuskuren maleji gaba ɗaya: bas ɗin da aka ɗaure a kan 90, aka zo aka ƙara mata taya da kashi 6, tana tafiyar 95 da fasinja a ciki. Duk wanda ya sauya girman taya a motar da ke da wannan na'ura ya mayar da ita wajen waɗanda suka sa ta su sake saiti, ya tafi da lambar tsohuwar tayar da ta sabuwar a rubuce.